Yadda Mai Digirin Bayoloji Zai Samu Aikin Kimiyya Na Farko

A gida ake fara yi wa mai digirin Bayoloji tambayar da ba a koya masa amsarta a jami'a ba. Ka dawo da sakamako, an yi barka, an sa albarka, sai gwaggo ta dube ka ta ce, "To ɗan nan, yanzu a wane asibitin za ka kama aiki?" Ka yi murmushi ka sunkuyar da kai, don kai ma ba ka sani ba. Na tsaya a wannan wurin shekarun baya, na kuma ɓata watanni ina ƙwanƙwasa ƙofar da doka ta riga ta rufe mini, babu wanda ya gaya mini. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce wani yayana ya zaunar da ni ya gaya mini tun ina aji huɗu. Da "kai" zan riƙa magana don sauƙi, amma ƙannena mata har da ku nake.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan. Digirin Bayoloji, ko na ilmin tsirrai, ko na dabbobi, ko Maikurobayoloji, ba ya zuwa da lasisin sana'a kamar na likita ko na mai haɗa magunguna. Saboda haka wanda zai ɗauke ka abu biyu yake son ya sani: me hannunka ya iya, kuma wa ya gan ka kana yi har zai iya tsaya maka.

Mataki na farko: ka san ƙofar da take rufe

Yawancinmu da mun gama sai mu nufi ɗakin gwaje-gwajen asibiti, domin shi muka sani, shi iyaye suka sani. To a Najeriya akwai hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke ba da lasisin gwajin jini da fitsari da majina da duk abin da aka ɗiba daga jikin majinyaci. Wanda take yi wa rajista a matsayin masanin gwaje-gwajen asibiti shi ne wanda ya yi digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wato BMLS, na shekara biyar, ya ƙara da shekara guda ta sanin makamar aiki. Mai digirin Bayoloji ko Maikurobayoloji ba ya cikin wannan sahun ko da da daraja ta ɗaya ya fita, kuma ba shi da ikon sa hannu a sakamakon majinyaci.

Na san za ka ce ai ga wane can yana aiki a lab ɗin unguwa. Ni ma na yi. Wani ƙaramin lab ne mai zaman kansa, ɗaki biyu da baranda, lasisin wani mutum da ban taɓa gani ba yana rataye a bango cikin firam. Ni ke ɗibar jini, ni ke duba zazzaɓin cizon sauro, hatimin wancan ake bugawa. Ran da aka ji masu sa ido sun shigo layin, mai wurin ya ce in tuɓe farar riga in fita ta baya, in zauna wajen mai shayi har su wuce. A kan bencin nan na lissafa: wata bakwai ina aikin da ba zan iya rubuta shi a takarda ba, babu mai ba ni shaida a kansa, ga haƙƙin marasa lafiya a wuyana don ba a horar da ni a kan abin da nake yi ba. Ina roƙonka kada ka bi wannan hanyar.

In kuwa zuciyarka asibitin take so, ka koma ka yi BMLS ɗin. Wasu jami'o'in suna karɓar mai digirin kimiyya ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, ya fara daga aji biyu. Ka je sashen da ƙafarka ka tambayi abin da suke karɓa a shekarar. Sannan akwai hukumomi uku da ya kamata ka san sunansu, don za ka ci karo da su a gaba: NISLT da ke Ibadan, mai rajistar masu fasahar ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, IPAN, ta masu tantance abinci da ruwa da magunguna, da TRCN ta malaman makaranta.

Mataki na biyu: ka zaɓi layi ɗaya ko biyu

Mai cewa "ko wane irin aiki ne zan yi" shi ya fi daɗewa a gida, domin wanda zai taimake shi bai san inda zai tura shi ba. Ga ƙofofin da suke buɗe.

Mafi faɗinsu, kuma wadda aka fi rainawa, ita ce masana'anta. Duk kamfanin da ke sarrafa abin ci ko abin sha yana ƙarƙashin idon NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kaya, kuma cikin abin da NAFDAC ke dubawa kafin ta ba da lamba akwai takardun ma'aikacin da ke kula da sarrafa kayan da ingancinsu. A Kano ka zaga Sharaɗa da Chalawa da Bompai, a Kaduna Kakuri da Kudenda. Akwai gidajen fiya wata da ruwan roba, masu yogot da lemo, matatun man gyaɗa da na waken suya, injinan casar shinkafa daga Kano har Argungu da Birnin Kebbi, masu haɗa abincin kaji da na kifi, da kamfanonin iri da suka yi sansani a Zariya. Akwai kuma masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje daga Dawanau. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Duk ɗan kasuwar da ke tura kaya waje ya san labarin, ya kuma san kwantena guda da aka dawo masa da ita ta isa ta karya shi. Irin wannan mutumin yana bukatar wanda ya iya auna danshi, ya gane ƙwaron rumbu, ya san yadda ake ɗibar samfur a kai gwajin afulatoksin, gubar da funfuna ke bari a jikin amfanin gona.

Kada ka ce gidan fiya wata ya yi maka kaɗan. Albashin ƙarami ne, ba na musu. Amma a shekara guda a can za ka koyi auna ruwa kullum, canza matatai, kula da fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta, cike takardun kowane rukunin kaya, da tsayawa gaban jami'an NAFDAC ranar da suka zo duba wuri. Babban kamfani da wannan gogewar yake ɗaukar mutum.

Ƙofa ta biyu cibiyoyin bincike, kuma Arewa Allah ya yi mana arzikinsu. A Samarun Zariya akwai IAR, mai binciken masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga, inda aka fitar da waken nan mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, a 2019. A Shika akwai NAPRI ta dabbobi. A Vom kusa da Jos akwai NVRI, tun 1924 take, ita ke haɗa allurar rigakafin dabbobi. Kaduna na da NITR, masu aiki a kan ƙudan tsando da sammore. Maiduguri na da cibiyar binciken Tafkin Chadi, ta gero da alkama. Badeggi a Neja ta shinkafa da riɗi ce, Sabuwar Bussa ta kifi. IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, duk suna da reshe a Kano, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. 'Yan uwanmu na Nijar suna da INRAN ta noma, da CERMES ta lafiya a Yamai, da tashar ICRISAT a Sadore. Samun aikin dindindin a na gwamnati sai an buɗe ɗauka, kuma akan jima ba a buɗe ba. Amma masu bincike da suka samu tallafin wani aiki suna neman hannu a kowace damina: mai auna tsayin shuka, mai ƙirga ƙwari, mai rubuta ranar da kowane layi ya fitar da fure. Ta nan akasarin waɗanda na sani suka shiga.

Ta uku aikin lafiyar al'umma. Duk shekara daga wajen Yuli zuwa Oktoba ana rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin Arewa, ga rigakafin shan inna, ga rabon gidan sauro, ga binciken tamowa. Ana ɗaukar masu tattara bayanai da masu sa ido na 'yan kwanaki ko 'yan watanni. Sai dai ka sani tun da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025 guraben nan sun ragu, masu nema kuma sun ƙaru, har da tsofaffin hannu. Kada ka jingina da wannan ƙofar ita kaɗai.

Mai son daji da tsuntsaye ya dubi APLORI a Jos, masu digiri na biyu a kan kiyaye halittu, da gidauniyar kiyaye halittu ta NCF masu aiki a fadamar Haɗejiya da Nguru, da gandun Gashaka Gumti da Yankari, da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Guraben ba yawa, amma masu neman da gaske ma ba yawa.

Koyarwa kuwa aikin kimiyya ce, kuma ita ta fi saurin samuwa. In za ka daɗe a cikinta ka yi PGDE, wato difloma ta koyarwa bayan digiri, a jami'a ko a cibiyar NTI ta Kaduna, ka rubuta jarrabawar TRCN. In kuma mashiga ka ɗauke ta, ka riƙe ta da mutunci, ka yi amfani da hutun ƙarshen zango wajen mataki na gaba.

Mataki na uku: ka koma ka gyara hannunka

Nan ne gizo yake saƙa. Mu faɗi gaskiya, da yawanmu mun yi firaktikal ne mu ashirin a kan madubin duba ƙwayoyin cuta ɗaya, mutum biyu suna taɓawa, sauran suna kwafar rahoto. Wasu ma furojet ɗinsu biya suka yi aka yi musu aikin lab. Mai ɗaukar aiki ya san haka, shi ya sa ba ya gamsuwa da takarda sai ya miƙa maka fifet, siririn bututun nan na ɗibar ruwan gwaji, ya ga yadda za ka riƙe.

Ka koma sashenku. Ofishin farfesa ba shi za ka fara nufa ba, ka nemi babban mai kula da lab, dattijon nan da makullai ke hannunsa, wanda ka yi shekara huɗu kana wucewa da sallama kawai. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Malam, na gama, amma hannuna bai faɗa ba. Ina so in riƙa zuwa ina wanke kwalabe ina taya ku shirya wa ɗalibai firaktikal, ku kuma ku koya mini." Ban taɓa ganin wanda aka kora da wannan maganar ba. Haka ma ɗaliban digiri na biyu da na uku kullum a matse suke suna neman mai taya su. Ka ba abin wata uku, kullum, kamar mai zuwa aikin albashi.

Ga abin da za ka tabbatar ka yi da hannunka, kai kaɗai, sau da yawa har ya zama jiki. Ka iya haɗa aga, wato abincin da ake renon bakteriya a kai: in kwalba ta ce giram 28 a lita ɗaya, kai kuma mililita 250 kake so, ka san giram 7 za ka auna ba tare da ka lalubi waya ba. Ka iya kunna otokilef, tukunyar nan da ke turara kayan aiki, ka san ana barin ta a digiri 121 na minti 15, lissafin kuma daga lokacin da zafin ya kai ake fara shi, ba a kuma buɗe ta sai matsin ya sauka. Ka iya zuba aga a faranti kusa da harshen wuta ba tare da wani abu ya faɗa ba, ka kife farantin a inkubeta don kada raɓar murfi ta ɗiga a kai. Ka iya tsarma samfur mataki-mataki, ɗaya cikin goma, ɗaya cikin ɗari, ka san farantin da ake ƙirgawa shi ne mai ɗigon bakteriya 30 zuwa 300. Ka iya rinin Gram har ka bambanta mai launin shuni da mai ruwan hoda a ƙarƙashin madubi. Ka iya saita ma'aunin pH da ruwan gwaji na 4 da 7 da 10 kafin ka auna komai. In layin noma ka zaɓa, ka ƙara da gwajin tsirowar iri, ƙwaya ɗari-ɗari kashi huɗu, da auna danshin hatsi, da busar da ganye a matse shi a ajiye da cikakken bayaninsa.

Ka sayi littafi mai kauri, mai bango, ka riƙa rubuta duk abin da ka yi da biro: kwanan wata, abin da ka auna, abin da ya fito, har kuskuren da ka yi. Kada ka yage shafi, kada ka goge. In ka yi kure ka ja layi ɗaya a kai ka sa hannu. Wannan littafin za ka riƙe ranar intabiyu.

Ɓangaren kwamfuta kuma ba ya bukatar lab. Ka iya Excel sosai, ka wuce zana tebur, ka iya tace bayanai da fitar da matsakaici da zana jadawali. Ka buɗe KoboToolbox, kyauta ne, ka gina fom da kanka ka cike shi a wayarka, domin da shi da takwararsa manhajar ODK ƙungiyoyi ke tattara bayanai. In da hali ka fara R ta nazarin alƙaluma da QGIS ta zana taswira, su ma kyauta ne. Akwai kwas ɗin ƙa'idojin bincike a kan ɗan Adam da TRREE ke bayarwa a intanet ba ko sisi, da satifiket a ƙarshe. Mai nufin masana'anta ya karanci GMP da HACCP, wato ƙa'idojin sarrafa kaya cikin tsabta da na kare abinci daga gurɓata, har ya iya bayaninsu da bakinsa. Amma kada ka bi 'yan kasuwar satifiket suna tatsar ka. Guda biyu da ka fahimta sun fi goma da ka saya.

Mataki na huɗu: kada ka bar bautar ƙasa ta wuce a banza

In ba ka tafi ba tukuna, wannan shekarar ita ce babbar damarka, domin gwamnati ke biyan alawus ɗinka, don haka wurin da zai karɓe ka ba ya jin nauyin albashi. Akasarin masu Bayoloji makaranta ake tura su. In kana son lab, tun ran gini tun ran zane. Da zarar ka ga jihar da aka tura ka, ka binciko cibiyar bincike, ko hukumar ruwa, ko ma'aikatar muhalli, ko masana'antar da ke cikinta. Ka rubuta musu, ko ka je kafin shiga sansani, ka roƙi takardar da ke nuna suna son a turo ka. Ita za ka gabatar wa jami'an NYSC cikin sati ukun sansani. Ba kullum ake dacewa ba, amma wanda bai nema ba ai bai ma shiga lissafi ba. Matan aure suna da damar neman a mayar da su jihar da mijin yake. Ƙanwata, in kin samu haka, ki yi wannan binciken a garinku tun kafin takardar ta fito.

In duk da haka makaranta aka kai ka, ka buɗe lab ɗinta. Sau da yawa za ka tarar da madubai a cikin kwali ƙura ta rufe su. Ka goge, ka rubuta abin da ke akwai, ka shirya wa 'yan aji shida firaktikal ɗin WAEC da NECO. Wannan ma gogewa ce da za ka rubuta, shugaban makarantar kuma zai shaide ka. Kafin ka bar duk inda ka yi aiki ka karɓi takardar shaida mai hatimi. Bayan shekara biyu mai sa hannun yana iya yin ritaya ko a canza masa wuri.

Mataki na biyar: CV da wasiƙa

Shafi ɗaya ya ishe ka, in ya yi yawa biyu. Ka cire "mai ƙwazo ne, mai son aiki da jama'a", kowa haka yake rubutawa. Ka rubuta abin da ka yi da adadinsa. Maimakon "na yi furojet a kan ruwa", ka ce ka ɗebi samfur daga rijiyoyi 20, ka auna pH, ka ƙirga bakteriyar kolifom, ka jera sakamakon a Excel. Watannin da ka yi a SIWES ka fayyace na'urorin da ka taɓa. Kada ka rubuta ka iya PCR, gwajin nan na ƙwayoyin gado, alhali daga bayan ƙeyar wani ka leƙa. Tambaya ɗaya za a yi maka asiri ya tonu, sauran gaskiyar da ka rubuta ma a daina yarda da ita. Adireshin imel ya zama sunanka ne, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba. Mutum biyu za ka sa masu tsaya maka, wanda ya duba furojet ɗinka da wanda ya ga hannunka a lab, kuma ka nemi izininsu tukuna.

Wasiƙa da Turanci za ka rubuta ta, amma ga irin abin da za ta ƙunsa: "Ranka ya daɗe, na karanta aikinku a kan tsutsar wake da aka buga bara. Na gama Bayoloji a shekara kaza, furojet ɗina a kan ƙwarin rumbu ne, na iya kaza da kaza. Ina neman damar taya ku aikin gona ko na lab a daminar bana, ko da ta wata uku ce. Ga CV ɗina." Iyakarta ke nan. Abin da ke sa a amsa ita ce jimlar farko, don ta nuna ka san wanda kake rubuta wa. Sunayen masu binciken da ayyukansu suna nan a Google Scholar. In sati biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka wuce gaba.

Mataki na shida: ka fita nema

Ka riƙa duba Jobberman da MyJobMag da LinkedIn, da ReliefWeb don aikin ƙungiyoyi, da shafukan hukumomin kansu. Amma ƙananan masana'antu ba sa talla. Ka buga CV guda ashirin, ka yi shiga mai tsabta, ka fita da safe ranar Talata ko Laraba. A bakin ƙofa ka mutunta maigadi, ka tambayi sunan mai kula da inganci ko manajan sarrafa kaya, don takardar da aka bari a hannun wanda ba shi ne ba a aljihun tebur take ƙarewa. Ka ajiye lissafin inda ka je da ranar da wanda ka gani. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ƙungiyoyin masana ma hanya ce: ta masana tsirrai, BOSON, da ta masana ƙwari, da ta Maikurobayoloji, da FISON ta masu kifi. Suna taro duk shekara a wata jami'a. In ya zo kusa da kai ka je, ko da taya masu shiri raba takardu za ka yi. Kuma ka gaya wa kowa takamaiman abin da kake nema. "Kawu, ina neman gurbi a sashen duba inganci na kamfanin abinci" magana ce da kawu zai iya ɗauka ya kai wani wuri.

Aikin gwamnatin tarayya mai digiri a mataki na 8 yake farawa, kuma ta shafin hukumar ɗaukar ma'aikata ko na ita ma'aikatar ake nema, ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da gurbi, ko ya turo maka saƙon intabiyu a wurin da ba ka nema ba ya ce ka biya kuɗin fom ko na gwajin lafiya, ɗan damfara ne. Na ga gidan da aka sayar da gona saboda takardar ɗaukar aiki ta bogi. Ƙannena mata, duk intabiyun da aka ce a otal ne ko bayan an tashi aiki, kada ku je. Na ofis ma ku gaya wa na gida inda za ku.

Mataki na bakwai: ranar intabiyu da abin da ke biyo baya

Ka zo da littafin nan naka da kwafin furojet. Za a iya ce maka ga itanol mai ƙarfin 95 cikin ɗari, haɗa mana mililita 500 na mai ƙarfin 70. Ka ninka 70 da 500 ka raba da 95, ka samu kusan 368, sai ka cika da ruwa zuwa 500. A gidan ruwa za a tambaye ka ma'aunin ruwan sha: pH tsakanin 6.5 da 8.5, kuma ba a yarda a samu bakteriyar E. coli ko ɗaya a mililita 100 ba. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, amma ga yadda za ka bi ka gano.

Akwai tambayar da nake so ka yi wa kanka tun kafin a yi maka. Ka gwada kaya sakamako ya fito ba kyau, mota tana bakin ƙofa tana jira, maigida ya ce sa hannu kawai. Amsar ita ce ka killace rukunin, ka sake gwaji da sabon samfur, ka rubuta abin da ka gani, ka sanar da na sama da kai a rubuce. Wannan ranar za ta zo maka da gaske, ba a intabiyu kaɗai ba, kuma ruwan nan ko yogot ɗin nan 'ya'yan mutane ne za su sha.

In an ɗauke ka, ka nemi takardar kama aiki a rubuce, mai ɗauke da albashi da lokutan aiki. Ka tambayi safar hannu da tabarau da takalmin aiki. In za ka riƙa taɓa jini ko samfurin jikin mutum a aikin bincike, ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku ce cikin wata shida. Aikin sa kai kuma ka yanka masa wa'adi tun farko, wata uku zuwa shida, da sharaɗin takardar shaida a ƙarshe, don kada a mayar da kai ɗan aike na shekara da shekaru.

Digiri na biyu yana da amfani, musamman ga mai son bincike ko koyarwa a jami'a, amma ya fi armashi bayan ka yi shekara ɗaya ko biyu kana aiki, ka san tambayar da kake son amsawa. A gida akwai cibiyar cututtukan da aka yi watsi da su a ABU, a Ghana akwai cibiyar binciken cututtuka ta WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon, a waje kuma akwai tallafin Commonwealth da DAAD ta Jamus da Chevening, wadda ke bukatar gogewar aiki ta shekara biyu. Na Ingila wajen ƙarshen damina ake buɗe su. Dukkansu za su nemi cikakken sakamakonka na shekara huɗu daga ofishin jami'a, wanda fitar da shi kan ci watanni, don haka ka je ka biya ka fara bin sa tun wannan watan, ka kuma yi fasfo in ba ka da shi.